Innarki Ta Koma Bakin Murhu

Birnin Kudu,
Jihar Jigawa.
Ranar Lahadi, cikin kaka.

Zuwa ga 'yata, Uwata Zahara'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Zulkifli da yara. Allah Ya tsare ku a can Fatakwal, Ya buɗa muku ƙofofin alheri, Ya raya mana zuri'a bisa tafarki nagari. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau bana, an yanke gero tuni, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Yayanki Dabo yana lafiya, matarsa Nasiha tana gidansu a Wurno tana wankan jego, jaririyar kuwa an ce har ta fara bin mutum da ido.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Kin san halina: idan aka kira ni, kafin in tattaro abin da ke raina sai a ce sai an jima. Sau uku ke nan kina roƙona in kawo miki Innarki ta zauna wurinki. Kin ce kin gyara mata ɗaki, akwai kuma likita mai kula da motsa gaɓoɓi kusa da ku. Sau ukun nan ina ce miki za mu duba, na kuma ji a muryarki cewa kin fara zaton ban damu ba ne. Shi ya sa na zauna in ba ki labarin abin da ya gudana a gidan nan tun bayan tafiyarki, don ke Innarki ta asibiti kika tafi da ita a idonki.

Da muka dawo gida bayan ciwon shanyewar ɓarin jikin nan, ƙafar ta ɗan saki, amma hannun dama yana nan kwance a cinyarta kamar na aro. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirunta. Matar da tun asuba ake jin muryarta tana faɗa da kaji, sai ga ta ta wuni tana kallon bango. Nasiha ta yi iya ƙoƙarinta, yau dambu, gobe fate, amma loma biyu za ta yi ta ture kwanon. Wata uku muka yi a haka. Ban gaya miki ba don kada in ɗaga miki hankali, ki yafe mini.

Wata safiya, ana dab da saukar ruwan farko, ina shan koko a bakin ƙofarta sai na ji ta yi magana, ba tare da ta juyo ba. Ta ce ta je garinsu Gwaram cikin barci. Ta ga kanta tana yarinya a bayan ɗakin mahaifiyarta, yakuwa ta fi ta tsawo, kabewa ta hau kan jinka ta baza furanninta masu ruwan ɗorawa, raɓa tana ɗiga mata a wuya. Ta ce tana jin ƙamshin daddawa daga madafa, tana jin sautin taɓarya daga nesa. Sai ta miƙa hannu za ta tsinki ganye, hannun dama, ya kuwa bi umarninta. Daga nan ta farka. Ni kuma kokon ya huce a hannuna.

Uwata, shekara talatin da ɗaya na yi ina malamin gona. Na kashe babur biyu tsakanin Wurno da Yalwan Damai ina koya wa mutane tazarar shuka, amma ko attarugu ɗaya ban taɓa dasawa a gidana ba. Ran nan na ɗauki fartanya na shiga tsohon garken awakinmu, wanda yake fayau tun da aka mai da dabbobin ƙauye. Ƙasar baƙa wuluk, ta sha taki shekara da shekaru. Washegari na hau mota na tafi Gwaram wurin Iya Barira, yayar Innarki. Da ta ji abin da ya kawo ni ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ba ta taɓa ganin namijin da ya yi tafiyar mota saboda 'ya'yan yakuwa ba. Amma da ta sauko da wani ƙullin tsumma daga rufin madafa, wanda hayaƙi ya rine, na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce wannan irin na mahaifiyarsu ne, kowace kaka tana ajiye sabo, bai taɓa yankewa ba. Ta ba ni na yakuwa da na kabewa da na kuɓewa, ta haɗa mini da daddawa.

Ranar shuka muka fito da Innarki kan kujera ƙarƙashin zogale. Na ɗaura igiya, na kafa turaku, ina awo yadda aka koya mana a ofis. Tana ta kallona har sai da na kai layi na uku. Sannan ta ce yakuwa ba 'yan makaranta ba ce da za a jera ta a layi, in watsa ta jikin danga kamar yadda mutane ke yi, kabewa kuma in kai ta gindin ɗaki don ta sami abin hawa. Na ce mata ni ne fa malamin gona. Ta ce ai shi ya sa. Sai Dabo ya fashe da dariya, ita ma gefen bakinta ya motsa. Na kwance igiyata na naɗe, tun daga ranar ni ɗan aiki ne, ita ce mai lambu. Daga baya muka ƙara alayyafo da tumatir da attarugu, da 'yar albasa mai lawashi.

Kin tuna maƙwabciyarmu Justina, Maman Excel, wadda ta yi aikin jinya kafin ta huta? Ita ta kawo maganar saƙa. Ta shigo wata rana da tsinkayen saƙa biyu da ƙullin zaren ulu kore, ta ce hannu idan ba a ba shi aiki ba mantawa yake yi da mai shi. Makon farko bai yi daɗi ba. Tsinken sai ya zame ya faɗi, zaren ya warware ya gangara har bakin rijiya. A rana ta huɗu Innarki ta yi jifa da su, ta ce a daina wasa da ita kamar ƙaramar yarinya. Maman Excel ba ta yi musu ba. Ta tsince kayan, ta karkaɗe, ta ajiye a gefen kujera, ta fito da tata saƙar tana yi tana ba ta labarin jikokinta. Haka ta dinga zuwa kullum bayan la'asar, ba ta sake cewa ta gwada ba. Wata rana na dawo daga masallaci na leƙa, sai na tarar da Innarki ita kaɗai. Ta matse tsinke ɗaya a hammata, ta cije leɓe, tana lallaɓa zaren da yatsun nan biyu da suka fara motsi. Na koma da baya a hankali, na zauna a zaure har aka kira magariba. Yanzu ta gama mini hular sanyi. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, akwai kuma rami kusa da kunne, amma da ita nake zuwa sallar asuba ko da sanyin bai iso ba.

Sai maganar girki, wadda na san za ta ba ki dariya. Da Nasiha ta tafi wanka, dangi suka ce a turo wata ta riƙa dafa mana. Na ce a bari mu gwada. Aka jawo kujerar Innarki bakin murhu, ita ce baki, ni ne hannu. Miyar kuɓewata ta farko kanwa ta yi mata yawa, ko Dabo da ba ya raina abinci sai da ya nemi ƙuli-ƙuli. Tuwon farko kuwa duk gudaji. Abokina Alhaji Sabo ya yi sallama ya same ni da muciya, hayaƙi ya sa ni hawaye, kafin la'asar labari ya kai majalisa. Har yanzu idan na iso sai su tambaye ni me aka dafa. Nakan gaya musu, in ƙara da yadda ake yi. Shekara arba'in ina cin tuwon matar nan ban san da kunne take girki ba. Tana zaune idonta a rufe za ta ce in rage wuta, wai ta ji tukunyar ta canza murya.

Ina ma ki ga gidan nan da hantsi. Kabewa ta haye ɗakin Innarki ta leƙo ta ɗaya gefen, ƙudan zuma suna shiga furanninta suna fitowa da ƙafafu rawaya. Yakuwa ta kai mini kafaɗa, jan karanta yana sheƙi. Nakan zauna ina gyaran alayyafo a faifai, ita tana saƙa. Inuwar zogale tana yawo a kan zanenta, tsinkayen suna ɗan ƙara, gajimare yana wucewa a hankali ta saman duwatsun garin nan. Wani lokaci sai in rasa ko wace shekara muke ciki. Sai in ga kamar lokacin da aka kawo ta ne, gidan ɗaki biyu, ke ba a haife ki ba, muna da sauran rayuwa gaba ɗaya a gabanmu. Sai kaza ta shiga cikin tumatir, Innarki ta daka mata tsawa, in dawo hayyacina.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yanke kabewar farko, muka ce miyar taushe za a yi. Na fere, na yanka, na daka gyaɗa, na zuba yakuwa da alayyafo yadda ta ce. Da aka zo sa gishiri na ɗauko cokali, sai ta ce in miƙo mata kwanon. Ta sa hannun dama, ta ɗebo da yatsu uku. Hannun yana rawa, rabi ya zube a ƙasa, ta sake ɗebowa. Sannan ta karɓi ludayi ta juya miyar da kanta, sau huɗu, na ƙirga. Ta ɗanɗana, sai hawaye. Da na tambaye ta ko gishirin ne ya yi yawa, ta ce a'a, miyar mahaifiyarta ce ta dawo. Malmala biyu ta ci ranar.

Bayan mun ci na gaya mata saƙonki, duka, ban rage komai ba. Ta yi ta sa miki albarka. Ta ce in faɗa miki ba ƙin ki ta yi ba, kuma ta san ɗakin da kika gyara ya fi nata kyau. Amma a can za ta zama marar lafiyar da ake jinya, safe da yamma ana tambayarta ya jiki. A nan kuwa akwai masu jiran ta: kuɓewar da aka bari ta bushe don iri, da rigar sanyin da ta fara wa jaririyar Nasiha, da wani tsoho da har yanzu bai iya tuƙa tuwo ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ba ta warke sarai ba. Tana jan ƙafa, hannun yana gajiya da wuri, likita ma ya ce mai yiwuwa ba zai koma kamar da ba. Muna zuwa asibiti kowane wata, magani ba ya wuce lokacinsa, Maman Excel tana auna mata jini duk mako. Na yi miki alkawari, ranar da na ga abin ya juya, ni da kaina zan kawo ta, ba sai kin roƙa ba. Amma yanzu ina neman alfarma ki bar mana ita a nan. Idan an yi hutun makaranta ki nemi izinin maigidanki ku zo da yara, ki gani da idonki.

Ki gaishe mini da Malam Zulkifli, ki ce na gode da ɗawainiya, Allah Ya saka masa. Ki shafa mini kan Yunusa da Ummussalma. Dabo yana gaishe ku, haka Iya Barira daga Gwaram, da Maman Excel, da Alhaji Sabo. Allah Ya yi muku albarka, Ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinki,
Malam Badamasi.

Na karanta wa Innarki takardar kafin in rufe. Ta ce na cika surutu, abin da za a faɗa bai kai haka ba, in ba ta biron. Ta ɗauki lokaci mai tsawo, ta kuma hana ni riƙe mata hannu. Layin da kike gani a ƙasa, wanda ya karkace ya gangara, nata ne:

Zahara'u, ki zo ki ci tuwo.