Tartsatsi a Kan Titin Baba

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Ya horo, ya zaman rashin waya? Na so in buɗe wasiƙar nan da kalmomi masu daɗi irin waɗanda kake min dariya a kansu, amma yau sun ƙi zuwa. Abokin Baba, direban da ke kai muku kaya, ya ce gobe da safe zai tsaya ya karɓa, shi ya sa nake sauri.

Yaya, ina jin ciwon Baba na shanyewar ɓarin jiki ne zai dawo.

Ka san tun da ka haɗa masa sitiyari da birki da totur a ɗakinka, wasan tirelar nan na kwamfuta ya zame masa abinci. Kullum da ya karya zai ja ƙafarsa ya shiga, ya tura ƙofa, ya ce kada kowa ya tsaya masa a ka, don ba ya son a ga yadda hannun hagun ke zamewa. Ni kuma in zauna a kujerar roba a bakin ƙofa da littafina, ina jin gurnanin injin. Har waƙe-waƙensa na hanya ya dawo da su. Likitar motsa jiki ma ta ce hannun ya ƙara ƙarfi, a bar shi ya ci gaba.

To kwanan nan sai na fara jin karo. Gam! Shiru. Ya sake tayarwa, can an jima, gam! Mutumin da ya tsufa a kan tirela bai taɓa goge wa kowa fenti ba. Shekaranjiya na ji yana faɗa wa Umma a kicin, murya ƙasa-ƙasa, wai in ya ɗan jima yana tuƙi sai ya ga tartsatsi kore da ja suna tashi a kan titi. Wai in ya murza sitiyari motar ba ta amsawa sai daga baya, titin ya tsaya cak, sannan ya yi tsalle. Ya ce, "Haka ya fara min wancan karon. Na ba hannu umarni ya ƙi ji." Na ji ludayi ya faɗi daga hannun Umma.

Mun kai shi asibiti. Sun haska idonsa, sun auna jini, sun sa ya matse yatsun likita. Likita ya ce bai ga sabon abu ba. A mota Baba ya ce, "Sun saba ɓoye wa tsoho magana." Yau ya zare wayar sitiyarin ya naɗe, ya ce in ɗora a saman kabad. Motsa hannun da aka ce ya riƙa yi ma ya daina. Abincinsa na rana yana nan a rufe.

A littattafaina in mutum ya kwanta ciwo, shafi biyu ne ya miƙe, a yi kuka a yafi juna. Jiya na buɗe ɗaya na kasa wuce layin farko.

Kwamfutarka dai lafiyarta ƙalau, kada ka damu, ina kula da ita. Da wasan ya sabunta kansa Baba ya yi ƙorafin ya yi nauyi, sai na tuna manhajar nan mai sanduna da na ga kana ja, kana cewa kana ƙara wa katin hoton da ke cikinta gudu. Na ja su duka biyu kusan ƙarshe, na danna ta riƙa tashi a haka. Na gwada, sumul. Umma kuma ta saƙa mata mayafi mai kyau saboda ƙura.

Don Allah ka roƙi shugabanku ya bar ka ka zo. Tsoron shiga ɗakin Baba nake da safe.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumussalam. Lafiyata lau. A tsaye na karanta wasiƙarki a bayan sito, ina kai ƙarshe na nemi ƙasa na zauna. Ba za su bar ni in fito ba sai an gama horo. Na tambaya, na ma roƙa. Don haka ki share hawaye ki zama idona.

Tambaya ɗaya: ke da idonki kin taɓa kallon allon a lokacin da Baba ke ganin tartsatsin?

"Kusan ƙarshe," in ji ki! Yarinya, ni da kika ga ina ja, ƙiris-ƙiris nake ja, in gwada tsawon yini, sannan in ƙara. Sandar sama gudun zuciyar katin ce, ta ƙasa kuma gudun ƙwaƙwalwarsa. In kika matsa wa ƙwaƙwalwar fiye da ƙarfinta sai ta fara kuskure, ta koma tana gyaran kuskurenta, wasan ya fi da nauyi, har ta riƙa zubo ɗige-ɗige masu launi a allo. In katin ya yi zafi kuma da kansa yake taka birki don kada ya ƙone, nan ne za ki ga hoto ya tsaya ya yi tsalle. Ga shi kun lulluɓe min shi kamar jariri mai mura.

Ban ce shi ne ba fa. Ba na wurin, kuma ni ba likita ba ne. In Baba ya ga wani abu alhali ba ya gaban allo, ko bakinsa ya karkace, ko maganarsa ta sarƙe, ku tafi asibiti a take, kada ku jira wasiƙata.

Amma kafin ki taɓa komai, ki mayar da sitiyarin ki tuƙa da kanki, a yadda kwamfutar take. Ki kunna lambobin nan na kusurwar allo, na zafi da na yawan hotuna, ki sa musu ido. Bayan nan ki cire mayafin, ki danna maɓallin da ke mayar da sandunan asalinsu, ki kashe tashi-da-shi ɗin da kika kunna, ki sake gwadawa.

Kada ki zauna kina rubuta wa kanki babin nadama, sarkin kuka, aiki ne a gabanki. Ki ce wa Umma mayafin ya yi kyau, ta ajiye min in rufe filo. Ki gaida Baba.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa wannan ta same ka lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi.

Na yi yadda ka ce. Da rana, Baba yana kwance, na sauko da sitiyarin a hankali kamar ɓarauniya. Ka san ban iya ba. Tafiyar hawainiya na yi, duk da haka sai da na kwashe wa wani manomi shinge. Amma Yaya, allon fes. Ba kore, ba ja. Motar tana amsawa. Sai na ce shi ke nan, Baba ne.

Na kasa tashi. Umma tana tsakar gida tana jiran in fito in ba ta labari, ni kuwa ban san da wace fuska zan fita ba. Sai na ci gaba da tafiya kawai, ina kuka ina tuƙi, ban ma san garin da na nufa ba. Can aka fara ruwa a cikin wasan, na shigo wani birni mai fitilu da motoci. Fankokin kwamfutar suka fara ihu a ƙarƙashin mayafi. Lambar zafi ta koma ja, ta yawan hotuna tana ta gangarowa. Sai ga shi, ɗigo kore a kan gilashin motar. Wani a sama. Wasu jajaye a jere a kan kwalta.

Kada ka yi dariya: rufe idona na fara yi, na ɗauka ciwon gado ne ya zo kaina. Da na buɗe na murza sitiyari, titin ya tsaya, ya yi tsalle, sai ga ni a cikin bayan bas. Na ƙwala wa Umma kira. Ta shigo da kumfa a hannu, na ce, "Umma, me kika gani?" Ta matso ta ce, "Wasu ƙwari kore. Ga wani can." Ban san lokacin da na ƙanƙame ta ba.

Na cire mayafin, ƙarfen ya kusa toya min tafin hannu. Na mayar da sandunan, na goge ƙurar da ta toshe ragar gaba, na bar shi ya huce. Na sake bin hanyar har cikin birnin, har cikin ruwan. Ko ɗigo. Lambar hotunan ma ta fi ta lokacin da nake ganin na ƙara masa gudu.

Da gudu na je na faɗa wa Baba. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Auta. Ke da yayanki da likita duk bakinku ɗaya. Inji ba ya ganin tartsatsi, 'yar nan, mutum ke gani." Na ce ya zo ya gwada sau ɗaya. Ya ce in ja masa ƙofa.

Na gane abin da yake tsoro, don ni ma shi nake tsoro. Muddin bai zauna ba, akwai sauran wataƙila. In ya zauna a kan gyararren inji kuma ya sake karo, ba sauran abin da za a ɗora wa laifi. Idan fa rabi katin ne, rabi shi ne?

Wani tunani ya zo min, kuma yana hana ni sukuni. Baba ba zai yarda da lafiyayyen allo ba, sai dai ya ga ciwon a idon wani. Ina so in mayar da sandunan inda na kai su, in mayar da mayafin, ya ga ni ma ina gani. Amma katin fa? In ya ƙone a hannuna, ba wasa, ba sitiyari, ba abin da zai sake tayar da Baba daga gado. Kuma ka san ni, ko gishiri ban iya ce wa Baba ya miƙo min ba.

Ka faɗa min abin yi. Ina jira.

Taka, Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Direba yana jira da inji a kunne, don haka a taƙaice.

Na ɗan lokaci ba zai ƙone ba, yana kare kansa. Da kin ga ɗigon farko ki nuna, ki kashe. In ma ya ƙone, ya ƙone, kati ne.

Tambayarki ta rabi da rabi ba ni da amsarta. Tun da na karanta take cina. Amma gara mu sani da ya kwanta yana jiran abin da wataƙila babu shi.

Kin tuƙa tirela cikin ruwa kina kuka, kin kwashe shinge da bas. Magana da Baba ba ta kai wannan ba. Allah ya ba ki sa'a.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na yi.

Na sake jan sandunan kusan ƙarshe, na mayar da mayafin, amma ban iya kiransa ba. Ƙofa na bari a buɗe, na ƙure sauti, na riƙa sa giya ba daidai ba har injin yana kururuwa. Ba a jima ba na ji jan ƙafarsa. "Wace ce ke yanka motar nan da ranta?" Ya tsaya a bayana yana faɗa: saki totur, dubi madubi, wa ya ce ki shiga kwana haka? Gumi har cikin idona.

Da ɗigon farko ya fito na ji numfashinsa ya ɗauke. Kafin ya yi magana na ɗora yatsa a kan allo na ce, "Kore. Ga ja biyu a kan gada. Ga wani a gilashi, Baba."

Ya matso ya dubi inda yatsana yake. Sannan ya ce, "Ke ma?"

A gabansa na cire mayafin, na sa hannunsa a kan ƙarfen ya ji zafin, na mayar da sandunan. Muka zauna muna jiran ya huce, ba mai kallon wani. Sai ya ce, "Tashi min."

Ya yi tafiya mai nisa, ya ratsa birnin, ya ratsa ruwan. Ni ina tsaye na cusa mayafin Umma a baki. Ya isa wurin sauke kaya, ya fara baya da tirelar, sai ƙiiii, gefenta ya gogi ginshiƙi.

Bai juyo ba ya ce, "Kin ga tartsatsi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Ni ma ban gani ba." Ya ɗaga hannun hagun ya dube shi, ya buɗe yatsun ya rufe. "Wannan nawa ne. Na san shi, tun tuni muke rigima." Ya mayar da shi kan sitiyari, ya sa giyar gaba. "Matsa gefe, Auta, ki duba min bayan nan. In na kusa ginshiƙin ki yi magana da ƙarfi, ba irin maganarki ba."

Na yi da ƙarfi, Yaya. Har Umma ta ji daga kicin.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.
Ƙanwarka, Auta