Littafinka da Na Ɓoye Cikin Rudu

Zuwa ga yayana, marigayi Malam Umaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan makwanci ya yi maka sanyi. Ƙanenka Bello ne, dillalin albasa na Aliero, wanda kake cewa bakinshi ya fi buhunshi cika.

Yaya, na yi ɓarna.

Ka tuna baƙin littafin da ka cika da hannunka lokacin da kake koyar da Turanci a Maiyama? Na su "can" da "may" da "must" da "should", kowace da misalanta na gona da kasuwa. Ranar da muka kai ka asibiti Jega ka damƙa mani shi, ka ce, "Na ɗiyata Saratu ne. In jarrabawa ta matso ka ba ta."

Bara jarrabawar ta zo ina can Kudu da kaya. Turanci ya kayar da Saratu.

Da damina ta kama, ɗakina na yoyo, sai na yi dabara irin tamu. Ina ya kai rudun ajiyar albasa tsaro? Ga inuwa, ga iska, ba mai shiga sai ni. Na naɗe littafin da buhu, na cusa can ƙasan albasa. Har yaba wa kaina na yi.

Albasar ta ruɓe daga tsakiya, ruwanta ya tsiyaye ƙasa. Shafi huɗu suka tsira, Yaya, su ma wari suke.

Sau uku Saratu na tambayata. Na yi mata irin maganar da nake wa baƙin kasuwa: yana nan, lafiya lau, ki kwantar da hankali. Sai ta dube ni da idanun nan naka. Saura sati uku ta sake zaman jarrabawar. Malama Rifkatu, abokiyar aikinka, ta ba ni bugaggen littafi na kanti, ya fi naka kauri. Amma yarinyar nan rubutun babanta take son gani.

Ka sha ce mani, "Bello, kullum kana cikin 'might', sai wataƙila. Yaushe za ka koyi 'must', wato dole?" Ni ko in yi dariya.

Yau ban yi ba. Gobe da hantsi zan kai mata shafi huɗun, in faɗa mata da bakina, ba dillanci.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Allah ya ba Saratu sa'a. Ya sa in na gama magana ta sake ce mani Baffa.

Ƙanenka mai laifi,
Bello