Inna Tana Neman Bakin Teku

Busan, farkon damina

Zuwa ga Yaya Tae-gon,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali a can Las Palmas. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ka a kan ruwa. Mu nan ƙalau. Maigidana Byeong-chan yana nan yana jan tirela a sabuwar tashar jiragen ruwa, sai dai ciwon baya.

Yaya, maganar Inna ce. Mantuwar da na faɗa maka ta ƙaru. Ka san bakin tekun da ta yi rayuwarta tana tonon kawa da ƙaguwa an cike shi da ƙasa, yanzu kwantena ce jibge har inda ido ya tsaya. To, ita a wurinta tekun yana nan. Da ta ji a jikinta ruwa ya janye, sai ta ɗaura ɗankwali ta ɗauki kwando.

Ranar Talata na shiga wanka, na fito ba ta. Na bi unguwa ina kiranta kamar mahaukaciya. Ashe ta bi ta inda shingen wayar tashar ya yage, ta shiga titin tireloli. Wani direba ne ya taka birki har tayoyinsa suka yi hayaƙi. Da ya sauko, ita ce ma ta hau shi da faɗa, wai wane mara kunya ne ya ajiye mata akwatuna a kan ƙaguwarta, ya kwashe tarkacensa kafin ruwa ya dawo. Byeong-chan ya ce abokan aikinsa sun sha dariya, amma shi ya kasa cin abinci, don shi ma ta wannan titin yake bi kullum.

Likita ya ce a kai ta gidan kula da tsofaffi. Na je na duba, akwai tsafta, amma tagoginsa dutse suke kallo, ba teku ba. Kulle ta a ɗaki kuwa, na gwada, ta wuni tana buga ƙofa tana tambaya laifin me ta yi mini.

Ba zan yanke wannan ni kaɗai ba. Ka nemi hutu ka zo, kada ka jira bikin girbi na kaka. Jiya ta tambaye ni ko ni 'yar gidan wa ce. Kai har yanzu tana kiran sunanka daidai.

Ka gaida matarka Anti Ok-bun da yara, su Da-som. Byeong-chan yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Suk-hui