Muryar Inna

Zuwa ga Takwara,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da malamanku na makarantar kwana. Ni lafiya lau, sai gwiwa. Maƙwabcina Tela ne ke rubutawa, ni ke faɗa. In kin ga kuskure, nasa ne.

Rubutun da kika yi a kan kakarki ya iso, wanda kika ce za ki karanta a gaban iyaye ranar rufe makaranta. Tela ya juya min shi daga Turanci, na sa ya maimaita, don na ɗauka sharrinsa ne. Wai fuskarta kamar wata, tafiyarta kamar iskar asuba, muryarta kamar ta kurciya.

Wace mata ce wannan? Ni dai ba ita na aura ba. Kakarki gajera ce mai wushirya, in ta taho daga bakin layi ake jin takalminta. Ta taɓa korar mai duba mitar wuta da ludayi. Kurciya!

Ban yarda ki karanta wannan a taro ba. Sunanta aka sa miki, amma matar tawa ce. Waɗanda suka san ta tun tana amarya duk sun tafi, saura ni. In aka ji naki, shi zai zauna.

Allah ya yi miki albarka duk da haka.

Kakanki

Zuwa ga Tsoho mai rigima,

Ina gaishe ka da girmamawa, a gaida gwiwa, a gaida Baba Tela da haƙuri.

Ba ƙarya na yi wa Inna ba. Malamar Turanci ce ke koya mana adon harshe. In ka ce wani abu kamar wani abu yake, sunansa kamantawa. In ka cire "kamar" ɗin ka ce Inna wata ce, ya zama siffantawa. In ka ƙara wa magana gishiri, kambamawa ke nan. Kai ma kana yi: ka ce daga bakin layi ake jin takalminta, alhali gidanmu ne na ƙarshe. Da a ajinmu kake da ka ci maki.

Ina ƙarama Inna ta rasu, kai ne ka san ta. Na yarda in cire watan da iskar. Amma in ba kurciya ba, yaya muryarta take? Ka faɗa min in gyara kafin ranar.

Ka huta lafiya.

Jikarka, Takwara

Zuwa ga Takwara,

Bayan gaisuwa. Ki gaya wa malamarku ban kambama komai ba, a lokacin layin bai kai haka tsawo ba.

Ki rubuta cewa ba ta iya zama hannu biyu ba abin yi. Ki rubuta cewa in na dawo daga shago da garin katako a kaina, a bakin ƙofa take tare ni da tsintsiya, ta kakkaɓe ni kafin in shiga. Tana ajiye allura a bakin labule, har yau akwai ɗaya, na hana a cire. In ta yi fushi ba ta magana, sai ta wanke kwanon da aka riga aka wanke.

Tela ya ajiye biro, ya ce ban amsa tambayarki ba. Na kore shi. Na sake aikawa ya dawo.

To, ga amsa. Ban sani ba. Ni da ake zuwa tambaya wa ya gina gidan wane, wa ya haifi wa, muryar matata ta ɓace min. Na san abin da ta faɗa ranar da aka haifi babanki, ban manta ko kalma ɗaya ba, amma da muryata nake jin sa. Da aka karanta min kurciyar nan na lalubi ta gaskiyar in ƙaryata ki da ita, na tarar ba kowa a wurin. Abin da ya sa na yi faɗa ke nan. Tsoro nake kurciyarki ta samu ɗakin a buɗe ta shiga ta zauna, in mutu ina jin tsuntsu.

Ki rubuta abin da malama take so. Ba ni da abin da zan ba ki.

Labarin gida: mamanki ta matsa a sa wa kabad ɗin madafa mai, wai kukansa na sa mata ciwon kai. Ni na ƙera shi shekarar aurenmu. Kakarki ta yi mita a kansa har ta gaji, tana cewa ta auri kafinta amma ƙofa ta gagare shi. Na ƙi gyarawa don kada ta ce ta yi nasara. Yanzu ba wanda zan yi wa taurin kai, zan sa man.

Ki riƙe karatu.

Kakanki

Tsoho,

Gaisuwa a gaggauce, ka yafe. Don Allah kada a taɓa kabad ɗin nan!

Watan da kurciyar daga misalan allo na kwaso su, kowa a ajin irinsu ya sa. Abu ɗaya tak nake tunawa na Inna, kunya ce ta hana ni rubutawa, na ga za a yi min dariya. Duk hutu in ina falo wani ya buɗe ƙofar kabad ta hagu, sai in waiga, in ɗauka ita ce ke dariya. Takan fara siririya, ta hau sama, ta tsinke, sannan ta ƙare da ɗan tari. Tana goye da ni take yi, ta bayanta nake ji.

Wataƙila shirmen ƙuruciya ne, kai za ka sani. Ka je ka buɗe ta hagu, a hankali, kada ka fizga yadda ka saba.

Allah ya sa takardar nan ta riga man.

Takwara

Zuwa ga Takwara,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta tarar na sa wa ƙofar dama mai, ta daina kuka. Ta hagu kuwa na bar ta sai wani lokaci.

Na buɗe, a hankali. Ita ce. Har tarin.

Na jawo kujera na zauna ina buɗewa ina rufewa, har mamanki ta leƙo ta tambayi Tela ko a kira likita.

Ki goge kurciyar, ki sa kabad. Kamantawa kika ce sunansa? To, ki yi ta, amma ki faɗi cewa ta hagu ce. In sun yi dariya su yi, ita ma da ta yi.

Na ɓoye kwalbar man. Mamanki ta nemi maganin ciwon kai.

Allah ya dawo da ke lafiya.

Kakanki