Gashin Tansy

Bronx, New York
Nuwamba 2016

Zuwa ga Mamata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwa. Mu nan lafiya lau. Kawu Hambali yana shagonsa, su Zalia suna makaranta. Ni kuma na karɓi shaidar kammala karatun jinyar dabbobi, amma aiki shiru har yanzu, kuma abin yana damuna.

Mama, Misis Hanlon ta rasu. Na san za ki ji zafi, don kin yi shekaru kina jinyarta kafin ki koma Maradi. Zan faɗa miki abin da na gani da idona kaɗai.

Kin san duk rayuwarta a kan 'yan karnukan nan jinsin teriya ta ƙare, tana kiwonsu, tana alƙalanci a gasarsu. Kin tuna yadda take runtse ido in za ta duba kare, ta bi bayansa da tafin hannu, ta ce ido yana ruɗin alƙali amma yatsa ba ya yi? Ita ta koya miki, ke kuma kika koya mini, cewa ba a yi wa teriya aski, tsige tsohon gashin ake yi da yatsu kaɗan-kaɗan, sabo ya fito da kaushi. To da aka kai ta gidan jinya, ɗan ƙanenta ya ga Tansy, tsohuwar karyar da ta rage mata, ta yi buzu-buzu, sai ya kai aka aske ta da inji. Ba da mugunta ya yi ba, bai sani ba ne. Gashin ya dawo laushi kamar auduga.

Ni na nemi izini na kai mata Tansy, lokacin idon Misis Hanlon ya riga ya tafi. Karyar na ta rawar jiki tana lasar hannunta. Misis Hanlon ta shafa bayanta a hankali, ta janye hannu, ta ce wannan ɗan rago ne, a mayar wa mai shi, a kawo mata tata. Na yi ta bayani, ba ta yarda ba. Sai ta laluba yatsuna, ta ce waɗannan kam ta gane su, na 'yar Safiatu ne, in je in nemo mata karyarta. Tun daga ranar nake zuwa gidan ɗan ƙanen ina tsige gashin, ko zai dawo ta gane ta. Abu ne mai cin watanni, ita kuwa ba ta kai ba.

Yanzu ɗan ƙanen ya ce ƙarshen wata zai miƙa Tansy gidan ajiye dabbobi. Na yi koyon aiki a irin wurin, na san kare mai shekarunta da wuya a ɗauke shi, yawanci allurar kashewa ce ƙarshensa. Na roƙi Kawu ya bar ni in ɗauko ta, ya ce in ji kunya, ina aka taɓa ajiye kare inda ake shimfiɗa darduma, ko digirin ne ya taɓa mini kai. Ban musa masa ba. Na ce ba cikin gida ba, ɗakin ƙasa na shagonsa da ake zuba kwalaye, ni zan kula da tsabtar. Ya ce sai ke yayarsa kin yi magana. Mama, don Allah ki kira shi kafin watan ya ƙare.

Jiya na runtse ido na shafa wuyan Tansy, na ji gashi mai kaushi ya fara fitowa. Na ɗaga kai in gaya wa wani, sai na tuna a duniya ke kaɗai kika rage da za ki gane.

Ki gaida Baba Abdoulaye, da Gwaggo Aïchatou, da Ado da iyalinsa. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Firdaoussi