Damina Goma Sha Huɗu Ina Yaɓe Ɗakinka

Daga yayanka Isiyaku, a Rogo ta ƙasar Karaye, zuwa ga ƙanena Hamisu, a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da yara duka biyar. Mu nan sai godiyar Allah. Mai ɗakina tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko zanen da ka yi mata alkawari har yanzu ana saƙarsa ne.

Za ka ga rubutun ya karkace kamar kunyar sabon manomi. Hannuna ne. Rani biyu na yi ina zuwa ajin manya, ina zama a tabarma ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, don kawai in rubuta maka wannan da kaina. Da can sai ranar kasuwa nake zuwa wurin mai rubuta wasiƙa, shi kuwa in ya gama sai ya karanta da ƙarfi, duk wanda ke rumfar ya ji. Shi ya sa takarduna na baya ba su wuce labarin damina da sunayen waɗanda suka rasu ba. Yau ba kowa tsakanina da kai.

Maganar ɗakinka ce. Bangon gabas ya tsage tun daga sama har kusa da ƙasa, gara kuma ta cinye azara biyu. Hadari ya fara leƙowa da yamma. Ina so in san ko in gyara shi bana ko in bari.

Ka tuna yadda muka gina shi? Duk gidanmu ɗakunan ciyawa ne, kai ka ce kai ɗakin soro za ka yi. Ni na taka ƙasa, kai ka yi tubali, muka ɗauko azarar giginya a kafaɗa tun daga fadama, kana gaba kana waƙa, ina baya ina zaginka. Damina ɗaya tak ka kwana a ciki. A kakar shekarar nan fara ta sauka a dawa, abin da muka ɗaure bai isa bakunan gidan ba, sai ka ce za ka bi masu shanu kudu cin rani, don a rage wa rumbu baki ɗaya. A ƙofar gida ka juyo ka ce, "Yaya, ka riƙe mini ɗakina, kafin shuka ina nan." Na ce na riƙe. To, Hamisu, rani goma sha huɗu ke nan kana ci, ban san ranar da za ka ƙoshi ba.

Inna ce ta fara hura wuta a ciki. Ta ce ɗakin da ba ya shan hayaƙi na gara ne. Duk bayan kwana uku sai ta kai garwashi a kasko, ta zuba ƙaiƙayi, ta rufe ƙofa, hayaƙi ya yi ta fita ta ƙarƙashinta kamar akwai mai girki a ciki. In wata ta ce mata kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sai ta ce, "Naku gidan dai. Nawa ba ya barin kowa." Da Allah ya karɓi abinsa, mai ɗakina ta ɗauki kaskon ba tare da na ce mata komai ba.

Nawa aikin shi ne yaɓe. Kowace bazara sai in tara ɓawon ɗorawa in jiƙa makuba, in hau rufin in shafe shi, in buɗe indararo don ruwa ya sami hanya. Maƙwabcinmu Tanko yakan tsaya ta kan katanga ya ce, "Isiyaku, ɓerayen gidanka sun fi hakimi gata." In yi dariya. Amma in na sauko na wanke hannu, na ga ba wanda zai shiga ya ce sannu da aiki, sai dariyar ta ƙare.

Takardunka kuwa sun sha ɓata mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Kullum labarin famfo, wai ka murɗa ƙarfe ruwa ya zubo. Labarin fitilar da ba a zuba mata mai. Labarin kifi ɗanye kullum safiya, da ƙasar da ba ta san yunwar damina ba. Ina ji ana karanta mini, ina cewa a raina yaron nan ya raina inda aka binne cibiyarsa.

Shi ya sa bayan arba'in ɗin Inna na ɗaura aniyar zuwa in dawo da kai. Kwana biyu na yi a ƙasa kafin Zariya, sannan jirgin ƙasa ya yi ta tafiya da ni har na zaci ya ɓace hanya. Ka tarye ni a tasha da riga mai guga, ka yi ƙiba, ka rungume ni muka yi kukan Inna a tsakiyar mutanen da ko kallonmu ba su yi ba.

Na ga famfon, na murɗa shi da hannuna, ruwa ya zubo. Na ga teku, na yi salati. Amma na ga sauran abubuwan da ba ka taɓa sa wa a takarda ba. Ɗaki ɗaya ne da kai, na wani ne ma, ku shida a ciki a lokacin, ni na bakwai, ƙafata a bakin ƙofa. Gumi ba ya bushewa, sauro ba ya jin hayaƙi. Itacen girki saye, ganyen miya saye, wurin shanya ma sai an yi cacar baki. Na gaida wani maƙwabcinka gaisuwa irin tamu, ban kai ga tambayar gajiya ba ya riga ya sha kwana. Matarka ta tuƙa mini teba, na ci don kunya, cikina yana kiran tuwon dawa. Da na ce ka zo mu tafi, sai ka sunkuyar da kai ka ce, "Yaya, bari yaran su ɗan tasa."

Na dawo Rogo da bakina cike. A ƙofar masallaci na baje labari, na ce Hamisu wahala yake sha, mu ne cikin daula ba mu sani ba. Na ce a nan ƙasar da nake kwana a kai tawa ce, ba mai buga mini ƙofa ƙarshen wata. Rumbuna a bayan ɗakina yake. In aiki ya fi ƙarfina na kira gayya, samarin unguwa su nome mini gona da yini ɗaya a kan fura da tuwo. In na yi kwana biyu ban fito ba, mutum goma sun shigo tambaya. In na mutu, duk garin zai bi gawata, kuma ba wanda zai sayi ramin. Dattawa suna gyaɗa kai suna cewa gani ya kori ji. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har gobe ina kan bakana.

Sai dai akwai abin da na gani ban faɗa musu ba.

Kwanana huɗu a wurinka, 'yarka Ladi ta tashi da zazzaɓi, da azahar ta fara sanƙarewa, idanu suka juye. Ni har na fara karanta abin da ake karantawa. Matarka ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba, ta goya ta, ta tsallaka titi biyu, muna biye da ita. Aka karɓe ta a asibiti, aka yi mata allura. Ranar da zan taho, yarinyar nan ce ta sace mini hula ta ɓoye a bayan tukunya tana ƙyalƙyala dariya. Wannan labarin na haɗiye shi tun a cikin jirgi, domin zai ɓata mini wancan.

Da damina ta zagayo, irin zazzaɓin ya kama autata Binta. Ba ka san ta ba, bayan tafiyarka aka haife ta, amma goshinka ne da ita sak. Muka yi jiƙe-jiƙe, muka yi rubutu, abin ya ƙi. Na ɗora ta a jaki, uwarta tana riƙe da ita, muka nufi ɗakin shan magani na Karaye. Rafi ya cika, muka zauna a bakinsa muna jira ya janye. Bai janye ba sai la'asar, ita kuwa ba ta kai la'asar ba. Muka juyo da jakin. A takardar da na aiko maka lokacin, layi ɗaya aka rubuta a kanta, tsakanin labarin gyaɗa da gaisuwar Tanko.

Na san kwana ne ya ƙare, kuma ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma ni mutum ne, Hamisu. A bakin rafin nan titi biyun nan nake ta gani.

Ba ita kaɗai ba ce. Ka haifi biyar, biyar ɗin suna tsakar gidanka suna hana ka barcin rana. Na haifi bakwai, biyu suka rage mini, su ma aure ya kai ɗaya Karaye, ɗaya Tudun Kaya. Shekara uku da suka wuce kurkunu ya fito mini a ƙafa saboda ruwan tafki, na yi wata biyu a kwance ina jin ciyawa tana cinye gero. 'Ya'yanka in an ce musu kurkunu sai su tambaya ko sunan gari ne. Wanda ya ce mu ne cikin daula, ya zo in nuna masa ƙananan kaburbura biyar a bayan gari.

Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi gaba ɗaya. Ko an ba ni gidan bene a Ikko ba zan iya zama ba. Zan mutu da kewar ƙanshin ƙasa ranar ruwan farko, da kiran sallar ladaninmu mai tari. Garinku ya iya raya yaro, namu ya iya riƙe tsoho da binne shi. Na auna, na sake aunawa, ban sami mudun da zai ɗauki biyun ba. Abin da na sani shi ne, da a ce ranar nan kai ne ka zo ka ce in tattara yarana in bi ka, kuma na san abin da na sani yau, da ban tsaya ɗaukar fartanya ba.

Gidan ya yi shiru ƙwarai. Mu biyu ne, ni da ita, sai awaki. Da yamma nakan shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakinka, domin nan inuwa take fara sauka. In ranar hayaƙi ce, sai in ji kamar in na yi gyaran murya za ka amsa daga ciki. Ina kewarka, ƙanena. Wannan ita ce maganar da na kasa faɗa a rumfar kasuwa shekara goma sha huɗu.

Bara ina kan rufin ƙafata ta zame, na faɗo a kan kwatangwalo. Har yanzu a zaune nake sallah. Mai ɗakina ta rantse ba za ta sake tsayawa tana kallona a saman nan ba. Ta ce, "Malam, mai ɗakin yana can da ransa da lafiyarsa, kai kana nan za ka kashe kanka a kan ɗakin." Ɗan Tanko zai yi aure da kaka, ya zo da ladabinsa ya ce in ba za a gyara ba, a ba shi azarar da ta rage kafin gara ta gama da ita. Na ce ba tawa ba ce. Ya ce to shi zai hau ya yaɓe mini. Na ce ba shi aka ba wa amana ba.

Saboda haka ga abin da na zauna na koyi rubutu dominsa. Alkawarin da ka yi na dawowa kafin shuka, na yafe maka shi duniya da lahira. Kada ka dawo saboda ni. Ka zauna inda 'ya'yanka suke rayuwa, ka yi daidai, ko da Inna ce a raye haka zan faɗa a gabanta. Ba na fushi, fushin ya ƙare a bakin rafi.

Amma nawa alkawarin yana wuyana, kuma kai kaɗai ne za ka iya sauke shi. Na ce na riƙe, ban san yadda ake sakewa ba. Na gwada. Makon jiya na ce bana ba zan jiƙa makuba ba, da gari ya waye na tsinci kaina a gindin ɗorawa da buhu. Ka rubuto mini da hannunka, kada ka sa zaƙin baki, kada ka ce sai baɗi in Allah ya so. Ka ce, "Yaya, bar shi." In na ga haka zan kira ɗan Tanko ya sauke azara, in ce wa mai ɗakina ta ajiye kasko, ruwan bana ya yi abin da zai yi. In kuwa ban gani ba kafin ruwa ya sauka, ka san halin yayanka. Zan hau.

Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya jiƙan Binta da 'yan uwanta. Allah ya raya maka naka biyar, ya sa su binne ka, kada ya nuna maka abin da na gani. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar rubuta wannan magana, ni kuma ya ba ni na karanta ta.

Wassalam.

Ni ne yayanka,
Isiyaku, Rogo.