Ƙamshin Turaren Alhaji Sani

Talata da dare, watan Janairu, Largo

Yau na je Upper Marlboro, gidan marigayi Alhaji Sani, wanda ya sauke ni lokacin da na fara zuwa ƙasar nan. 'Yarsa Zainab ce ta kira ni, da yake gyaran injinan iska ne sana'ata, wai tagogi na ta gumi, bango ya fara baƙi, tari kuma ya hana Hajiya, matar marigayin, barci.

Na sauka ɗakin ƙasa na duba injin da ke fitar da tsohuwar iska ya shigo da sabuwa ba tare da ɗumin gida ya tafi ba. Na wanke matatunsa, na share bututun ruwa. Ba abin da ya lalace. Kashe shi aka yi.

Da na hau sama na tarar da Hajiya zaune a bakin gadon Alhaji. Ta ce, "Ni na kashe, Nura. Ƙamshin turarensa na nan cikin ɗakin. In ka kunna, fita zai yi."

Na durƙusa na ce, "Hajiya, iskar nan ce ke sa ki tari."

Can ta ɗauki hularsa ta sa a leda, ta ƙulle bakin, ta ce, "To, je ka yi aikinka."

Na kunna. Ban iya komawa na yi mata sallama ba, sai Zainab na bar wa saƙo. Allah ya ji ƙan Alhaji. Har yanzu na kasa cin abinci.